Filtar man mota: yaushe ya kamata a canza ta?

Filtar mai ƙaramar na'ura ce da ke tsakanin tankin mota da injinta. Aikinta tace fetur, wanda ake kira isansi, ko gazuwal, kafin ya isa inda ake ƙona shi. Tana cikin kayan mota mafi araha, kuma tana cikin waɗanda aka fi mantawa da su. Mai mota yakan tuna da canjin baƙin mai, ya tuna da tayoyi da batir, amma filtar mai sai ranar da motar ta fara shaƙewa a kan hanya. A Nijar, inda ƙura take da yawa kuma mai yake bin hannaye da dama kafin ya shiga tanki, lissafin da kamfanin ƙera motar ya rubuta ba ya isa shi kaɗai. Ana haɗa shi da abubuwa uku: inda ake shan mai, yanayin shekara, da alamomin da motar take nunawa.

Wace ce filtar mai, kuma ina take?

Mota tana da filta uku da ake yawan rikitawa. Akwai ta iska, wadda ke tace iskar da inji ke zuƙa. Akwai ta baƙin mai, wadda ake canzawa ranar da aka zubar da tsohon baƙin mai. Ta uku ita ce ta fetur ko gazuwal. Idan bakanike ya ce ya canza filta, yana da kyau a tambaye shi wacce daga ciki, domin sau da yawa ta baƙin mai yake nufi.

Filtar mai gwangwani ce ta ƙarfe ko ta roba, a cikinta akwai wata takarda ta musamman da aka naɗe kalmasa-kalmasa. Mai yana ratsa takardar, yashi da tsatsa da sauran datti su maƙale. Ana auna ƙofofin takardar da mikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum ya kai kimanin mikron 70. Filtar motar fetur mai anjekta tana tsare dattin da ya kai mikron 10, ta injin gazuwal na zamani kuwa tana sauka har mikron 2 zuwa 5. Ke nan mafi yawan abin da take tsarewa ido ba ya ganinsa, kuma man da ya yi garau a cikin kwalba yana iya ɗauke da shi.

Wurin zamanta ya danganta da irin motar. A tsofaffin motoci masu karbureta, irin su Peugeot 504, tana kan tiyon mai kusa da inji. A motocin fetur masu anjekta na shekarun 1990 zuwa farkon 2000, gwangwanin ƙarfe ce a ƙarƙashin mota kusa da tanki, ko a jikin bangon da ya raba inji da direba. A yawancin sabbin motocin fetur tana cikin tanki, haɗe da fanfon mai. A motocin gazuwal irin su Hilux, Hiace da Land Cruiser, tana gefen inji, da ɗan fanfon hannu a samanta da makunnin zubar da ruwa a ƙasanta.

Dalilin da ya sa take saurin toshewa a Nijar

Tun watan Nuwamba na 2011 Nijar ke tace man Agadem a matatar SORAZ da ke jihar Damagaram, mai ƙarfin ganga 20,000 a kowace rana, kamfanin SONIDEP kuma yake rarraba shi. Amma tsakanin matata da tankin mota akwai tafiya. Man yana shiga babbar motar dakon mai, ya sauka cikin rumbun ƙarƙashin ƙasa na gidan mai, sannan ya bi ta fanfo. Kowane zango yana iya ƙara masa tsatsa, gwiɓi ko ruwa, musamman idan rumbun ya tsufa.

Sai kuma man bakin hanya, wanda aka fi sani da ruwa-ruwa a Maraɗi, Damagaram, Birnin Konni da sauran garuruwan da ke kusa da iyakar Najeriya. Cire tallafin fetur da Najeriya ta yi a watan Mayu na 2023 ya sauya farashinsa, amma sayar da mai a kwalba da bido bai ɓace ba, kuma a ƙauyuka da yawa shi ne kawai ake samu. Wannan mai yana kwana cikin duro, a juye shi cikin bido, a zuba a kwalba, a ajiye a tebur a bakin titi, a bi da shi ta mazurari. Ko da asalinsa mai kyau ne, kowace juyawa ƙofa ce ta datti. Ƙyallen da wasu masu sayarwa ke shimfiɗawa a bakin mazurari yana tsare tsakuwa da haki, amma ƙurar mikron 10 wucewa take abinta.

Yanayi ma yana da nasa kaso. Daga Nuwamba zuwa Maris hazo da iskar hunturu suna cusa ƙura ta murfin tankin da robarsa ta bushe da kuma mashaƙar iskar tanki. Daga Yuni zuwa Satumba damina tana kawo laima. Tankin da aka bari rabi babu mai yakan yi gumi a ciki idan dare ya yi sanyi, ɗigon ruwan ya gangara ƙasa ya taru, a hankali ya haifar da tsatsa.

Na ƙarshe shi ne shekarun motocin kansu. Mafi yawan motocin da ke yawo a Yamai, Maraɗi da Tawa an riga an yi aiki da su a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar ruwan Kwatano ko ta Lome. Tankin da ya shekara goma sha biyar ko ashirin yana da tsohon gwiɓi a ƙasansa, kuma girgizar hanyar burji tana tayar da shi.

Bayan kilomita nawa?

Madogara ta farko ita ce littafin da ke zuwa tare da mota. Alƙaluman sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma galibi suna faɗawa cikin waɗannan iyakoki:

- Motar gazuwal: tsakanin kilomita 20,000 da 40,000, wasu motocin Turai har 60,000.
- Motar fetur mai filta a waje: tsakanin kilomita 40,000 da 60,000, wasu fiye da haka.
- Motar fetur mai filta a cikin tanki: kilomita 80,000 zuwa sama, wasu kamfanonin ma ba su sa mata wa'adi ba, sai ranar da za a canza fanfo.

Sai dai littattafan nan suna da jadawali biyu: na aiki a yanayi mai sauƙi, da na aiki a yanayi mai tsanani. Abin da suke kira mai tsanani shi ne ƙura, zafi, hanya marar kwalta, ɗaukar kaya masu nauyi da man da ba a tabbatar da tsabtarsa ba. Wannan kuwa shi ne aikin yau da kullum na motar da ke Nijar. Saboda haka abin da ya fi aminci shi ne a raba wa'adin gida biyu. Motar gazuwal mai shan mai inda ta samu, a canza mata tsakanin kilomita 10,000 da 15,000. Motar fetur mai filta a waje, tsakanin 20,000 da 30,000.

Waɗannan alƙaluma suna cika da sauri fiye da yadda ake zato. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne ta hanyar ƙasa mai lamba 1. Motar da ta je ta dawo sau shida ta wuce kilomita 10,000. Hiace ɗin haya mai zuwa Damagaram daga Maraɗi ta komo kullum, kimanin kilomita 470, tana cika wannan adadi cikin mako uku. Ga irin waɗannan motoci, hanya mafi sauƙin tunawa ita ce a ɗaura canjin filtar mai da na baƙin mai: duk canji biyu na baƙin mai, canji ɗaya na filtar gazuwal.

Motar gida da ba ta fita gari sosai, wata ake ƙirga mata maimakon kilomita. Ta gazuwal sau ɗaya a shekara, ta fetur kowace shekara biyu, ko da ma'aunin bai cika ba, domin takarda tana tsufa kuma ruwa yana ruɓar da ita. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba, bayan laima ta gama aikinta.

Lokutan da ba a jiran lissafi

Akwai halaye da ake canza filta nan take, ko jiya aka sa ta.

Na farko, ranar da aka sayi mota ta hannu. Ba a san yaushe aka canza ta ba, littafin sau da yawa ya ɓata, ma'aunin kilomita kuma ana iya mayar da shi baya. Na biyu, bayan an sha gurɓataccen mai, wato motar ta canza hali jim kaɗan da barin wurin shan mai. A nan filta kaɗai ba ta isa ba, sai an zubar da man, an wanke tanki. Na uku, bayan motar ta ratsa ruwan da ya kai tanki, kamar yadda ke faruwa a ƙoramu da unguwannin da ke cika da damina. Na huɗu, bayan motar ta yi watanni a ajiye: fetur yana daskarewa ya zama kamar ƙaro, gazuwal kuma yana yin baƙar laka. Na biyar, duk lokacin da aka sa sabon fanfon mai ko sabbin anjekta. Na shida, kafin doguwar tafiya inda gari yake nesa da gari, kamar hanyar Tanut zuwa Agadas ko ta Gure zuwa Difa, idan wa'adin ya kusa. Direbobin da suka san waɗannan hanyoyi ba sa tashi sai da sabuwar filta ta ajiya a cikin akwatin kayan aiki.

Alamomin toshewa

Filta ba ta toshewa dare ɗaya. A hankali take cika, kuma alamar farko takan bayyana ne a lokacin da inji ke buƙatar mai da yawa. Motar tana tashi lafiya, tana yawo cikin gari lafiya, amma da an hau tudu, ko an yi lodi, ko an taka wuta don wuce wata mota, sai ta yi sanyi kamar an riƙe ta ta baya. Wannan ita ce alama mafi haɗari, domin tana zuwa ne daidai lokacin da direba yake hannun da ba nasa ba yana wuce babbar mota.

Idan aka ƙyale, sai fizga ta biyo baya: motar tana tafiya tana ɗaukewa tana dawowa. Daga nan sai wuyar tashi da safe, rawar inji a tsaye, da mutuwa a mahaɗar hanya. Wata alama da ta keɓanta da filta ita ce motar ta mutu a kan hanya, a jira minti goma, ta tashi, ta yi ƴan kilomita ta sake mutuwa. Dalili shi ne idan inji ya tsaya, dattin yana saki daga jikin takarda, da mai ya fara gudu kuma ya koma ya liƙe.

A motar fetur mai fanfo cikin tanki, ana iya jin kuka siriri daga wajen kujerar baya. Fanfon ne yake wahalar tura mai ta ƙofar da ta ƙuntata. Fetur ɗin da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, saboda haka idan gudun man ya ragu sai ya yi zafi, daga ƙarshe ya ƙone. A sabbin motoci fitilar inji tana kamawa a allon gaban direba, wasu na gazuwal kuma kwamfutarsu tana rage musu ƙarfi da gangan don kare inji.

Ba kowace fizga ce ta filtar mai ba. Filtar iska da ta cika da ƙura tana rage ƙarfi, amma ita takan zo da baƙin hayaƙi da yawan shan mai. Buji da ya mutu yana sa inji ɗingishi ko a tsaye ko a tafiya. Fanfon da ya gaji yana nuna duk alamomin filta. Bakaniken da ke da agogon auna ƙarfin turin mai yana raba gardama cikin ƴan mintuna. Idan babu agogo, a fara da filta, tunda ita ce mafi araha, kuma a juye man da ke cikin tsohuwar ta bakin shigarsa a cikin kwalba mai haske. Abin da ya fito shi zai faɗi halin da tanki yake ciki.

Ruwa cikin gazuwal

Ga injin gazuwal, ruwa ya fi yashi ɓarna. Gazuwal ɗin kansa ne yake shafe ƙarafan fanfo da anjekta don kada su ci juna, ruwa kuwa ba ya shafe komai, sai tsatsa. Tsofaffin injuna masu fanfon ƙarfe zalla, irin 1HZ na Land Cruiser, suna da haƙuri. Injunan zamani da suka fara shiga ƙananan motoci daga 1997, waɗanda Toyota ke kira D-4D, Peugeot kuma HDi, suna tura mai da ƙarfin da ya kai bar 1,600 zuwa 2,000, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗoriya ba. A irin wannan ƙarfi, ɗan ruwa ko ɗan yashi ya isa ya ɓata bakin anjekta, kuma kuɗin anjekta ɗaya ya ninka na filta sau da yawa.

Shi ya sa filtar gazuwal take da matattarar ruwa a ƙasanta. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, don haka yake kwantawa a can. Idan ya kai wani mizani, fitila tana kamawa a allo, wasu motocin har da ƙara. Wannan fitila ba ta nufin a canza filta, tana nufin a tsaya a zubar da ruwa: a kashe inji, a tara gwangwani, a sassauta makunnin ƙasa, a danna fanfon hannu har sai gazuwal tsantsa ya fito, a ɗaure. Da damina yana da kyau a yi haka kowane mako biyu ba tare da jiran fitila ba. Idan ruwan yana dawowa a kai a kai, tanki ne ke da shi, ko wurin shan man.

Kurakuran da ake yi a garaji

Na farko shi ne hura tsohuwar filta da iska, ko wanke ta da fetur a mayar. Motar takan ɗan farfaɗo, sai a ɗauka an gyara. Gaskiyar ita ce iskar tana yaga takardar, dattin da aka tsare kuma ya samu hanya zuwa inji.

Na biyu shi ne huda filta da ƙusa, ko cire ta a haɗa tiyo kai tsaye. Ana yin haka a daji don a kai gari, amma sau da yawa sai a manta a bar ta haka. Araha ba ta ado: abin da aka tsimi a filta ana biyan sa ninki-ninki a fanfo.

Na uku shi ne jabun kaya. Akwai filtocin da kwalinsu da tambarinsu suka yi kama da na asali, amma takardar ciki kaɗan ce, ko ba a liƙe ta da kyau ba. Ana gane su da rashin nauyi, rubutu mai dishi-dishi, zoben roba mai tauri, da farashin da ya faɗi ƙasa sosai. Lambar da ke jikin tsohuwar filta ita ake kai wa mai shago. Kamannin waje ba hujja ba ne, domin filta biyu suna iya zama girma ɗaya, ƙofofin takardarsu daban.

Na huɗu ya shafi injin gazuwal na zamani: cika sabuwar filta da gazuwal daga bido kafin a ɗaura ta, don motar ta tashi da wuri. Wani ɓangare na wannan man yana wucewa inji ba tare da an tace shi ba. Fanfon hannu, ko fanfon lantarki a motocin da ke da shi, shi ya kamata ya cika ta.

Yadda ake canzawa

Aikin ba ya wuce rabin sa'a ga filtar waje. Ana yin sa a fili, inji ya huce, nesa da taba, murhun shayi da mai walda. A motar fetur mai anjekta, man da ke cikin tiyo yana da ƙarfin bar 3 zuwa 4 ko da inji a kashe yake, saboda haka ana cire fiyus ɗin fanfo, a tayar da inji har ya mutu da kansa, sannan a cire wayar batir kafin a kwance komai. Ana goge wurin da kyau kafin a buɗe. Kibiyar da ke jikin filta tana kallon inji. Ana sa sabbin zobban roba ko na jan ƙarfe, ba a mayar da tsofaffi. A motar gazuwal ana danna fanfon hannu har ya yi tauri don fitar da iska, kuma ba a matsa wa makulli fiye da daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar a jere. Bayan an tayar, ana duba ko akwai yoyo. A ƙarshe a rubuta kwanan wata da kilomita a jikin gwangwanin da fenti, ko a ɗan littafi a cikin mota.

Babura, janareta da injin ban ruwa

Masu kabu-kabu da adaidaita su ne suka fi shan man kwalba. Yawancin babura suna da ƴar raga a makunnin mai ƙarƙashin tanki, wasu da ƙaramin kofi da gwiɓi ke taruwa ciki, kuma ana wanke su. Ana iya ƙara ƴar filtar roba mai haske a kan tiyo, wadda ake ganin cikinta: da takardar ta yi duhu, ko aka ga ruwa a ƙasa, a canza. Janareta da injin ban ruwa na masu albasa a Galmi ko masu lambu a Jirataua, da sa'o'in aiki ake ƙirga musu, kuma a farkon kowane noman rani ana zubar da tsohon man da ya kwana a tanki kafin a tayar.

Abin da filta ba ta iyawa

Filta tana tsare datti, ta gazuwal kuma tana raba ruwa. Ba ta raba kananzir da aka gauraya da fetur ko gazuwal, ba ta gyara man da ya tsufa, ba ta mayar da mugun mai mai kyau. Saboda haka tsawon ranta yana hannun mai mota: shan mai a wurin da aka sani kuma ake yawan ciniki, kauce wa gidan mai a daidai lokacin da babbar mota ke sauke masa kaya domin gwiɓin rumbu yana tashi, barin man bido ya kwanta kafin a zuba tare da rage na ƙasan, rashin barin tanki ya sauka ƙasa da kwata, da canza murfin tankin da robarsa ta tsage. Mai motar da ya kiyaye waɗannan, ya kuma rubuta ranar canji, a garaji zai canza filtarsa a ranar da ya zaɓa, kafin ta tsayar da shi da fasinjoji a tsakar rana tsakanin gari da gari.